Jinyar Kazar Mai Inji

Zuwa ga taubashiyata, Likitar Tsintsiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da marasa lafiyar da kike share wa ƙarƙashin gado. Ni ma lafiya lau, sai kunnen nan da injin niƙa ya cinye, shi kuwa kin san ba sabon labari ba ne. Na ba direban babbar motar nan wasiƙar kamar kullum. In ta iso da baƙin mai a jiki ki yi haƙuri, cikin akwatin sifana yake jefa ta.

Abin da ya sa na rubuto, Sakatariya ce ba lafiya. Kin san ta, kazar nan wake-wake da kika ce na fifita a kan dangi. Ki yi dariyarki, amma ita ce kunnena. In ina bakin inji mutum ya yi ta sallama har muryarsa ta dushe ban sani ba, ita ce za ta miƙe wuya ta ruga bakin ƙofa, sai in san an zo. Tun da ta kwanta mata nawa suka zo da masara, suka gaji da tsayuwa suka tafi wani injin.

Ranar Talata da rana tsaka ina bayan shago ina kakkaɓe buhuna, sai na ga kaji sun watse kowace ta kama gabanta. Wani jan kare ne ramamme, ban san na wane ne ba, ya shigo ta inda katanga ta zube. Ko ya yi haushi ko bai yi ba, ba ni za a tambaya ba. Kaji masu hankali suka haye tulin itace, ita kuwa uwar iyayi ta tsaya kallonsa kamar ya kawo niƙa. Ya cafke ta a gadon baya yana girgizawa. Ban tsaya neman sanda ba, na shaƙe wuyansa da hannu ɗaya, na sa ɗayan na ɓamɓare bakinsa. Ya sake ta, ya ɗan ja ni da haƙori a tsakanin babban yatsa da manuni, ya fice yana tangaɗi, yawu na zuba. Nawa ba komai ba ne, na goge da tsumma.

Ita ce abin tausayi. Fatar baya ta saɓule daga gindin wuya har ƙarƙashin fiffike, ana ganin nama, ga ramukan haƙori a cinya. Na aro almakashi wurin Tela maƙwabcina na datse gashin da ke kewaye da ciwon, na wanke da ruwan ɗumi da gishiri. Ko motsi ba ta yi ba, ido rufe, sai numfashi. Na sa ta cikin kwali a ɗakina, na lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda. Ba a barin kaza mai ciwo cikin 'yan'uwanta, da sun ga ja sai sun tsattsage ta har lahira, halinsu ɗaya da mutane. Ruwa da ɗan sukari nake ɗiga mata a gefen baki da cokali. In ta haɗiye sai in ji kamar ni na sha.

Ki taimaka ki aiko min da shuɗin maganin nan na shafa wa ciwo, da auduga. Na san ba ke ke rubuta magani ba, amma ai ko mai shara ta san inda ake ajiye kaya.

Naki,
Mai Inji

*

Zuwa ga Mai Inji, angon kaza,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, ƙafafu ne dai ke kumbura in na yi tsayuwar yini. Ina yi maka jaje, ka kuma gaishe min da amarya, Allah ya ba ta lafiya. Da na karanta wa abokan aikina yadda ka yi kokawa da kare a kan kaza, wata har da riƙe ciki. Na ce musu ai karen ne abin tausayi, wa ya san abin da ya kwasa a hannunka.

Ga shuɗin maganin da auduga, da kuɗina na saya, ba sata na yi ba. Ka shafa safe da yamma, kada ka ɗaure ciwon tam, cizo yana son iska. In ta fara karɓar abinci ka dafa ƙwai ka murmushe mata.

To yanzu ka gyara zama. Shafi guda ka ba kaza, layi ɗaya ka ba hannunka, ni kuwa layin nan ne ya hana ni sukuni. Karen da ba a san mai shi ba, ya faɗo gida da rana tsaka yana tangaɗi yana zubar da yawu, wannan ba karen lafiya ba ne. Na nuna wa nas ɗin ɗakinmu wurin, ta ce ka wanke hannun da sabulu da ruwa mai yawa, sannan ka kama hanyar babban asibiti a fara maka allurar cizon mahaukacin kare. Ƙaramin asibitin unguwarku ba sa ajiye ta. Kuma ba guda ɗaya ba ce, za ka yi ta komawa har a gama. Ka tafi ranar da wasiƙar nan ta same ka, rigakafi ya fi magani.

In kuma ka ƙi, kada in zo in tarar kana haushi a ƙofar shago kana korar masu niƙa, don ni ba zan saya maka sarƙa ba.

Taka,
Likitar Tsintsiya

*

Zuwa ga Likitar Tsintsiya,

Gaisuwa da fatan ƙafafu sun saɓe. Ki rage tsayuwa, kin tsufa, ko da yake ba za ki yarda ba. Ni ƙalau nake. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri, ko da kuɗin wa aka saya.

Zancen sarƙar nan ya ba mu dariya ni da Tela, har ya ce zai ɗinka min riga mai kafar wutsiya. Kin iya shiri, na sara miki. Har da su nas da babban asibiti, don dai in rufe shago in kwashi jiki in yini a mota, in je a yi min dariya a layin karɓar kati. Ke ce fa muna yara kika ce in na haɗiye ƙwallon lemo bishiya za ta tsiro min a ciki, na yi kwanaki ina taɓa cibiya. Ke ce kuma bara kika rubuto kin samo min bazawara tana tafe, na sayi sabuwar tabarma na share ɗaki har ƙarƙashin gado. To wannan karon tsohon zomo ya san tarko. Hannu ya kame, ɓawon ciwon ma ya faɗi.

Sakatariya ta sha wuya. Bayan na rubuto miki sai ciwon cinyar ya fara wari. Na ɗaga fiffike na ga tsutsa, ashe ƙuda ya samu kafa a gidan sauron. Na zauna bakin ƙofa inda haske yake, na ɗora ta a cinya, na yi ta ciro su ɗai-ɗai da tsinke, ina wankewa da ruwan gishiri. Nan ne ta fara buɗe ido ta tsattsage ni, na ce madalla, mai faɗa bai shirya mutuwa ba. Yanzu duk bayanta shuɗi ne, in kin gan ta sai ki ce an tsoma ta a marina. Tana cin ƙwan, tana ɗan taɓa tsaki, amma ƙafar da aka ciza ba ta taka ta. Kowane ɗan lokaci sai na kashe inji na leƙa ta.

Damuwata ita ce matar mai gidan da nake haya. Ta shigo ta leƙa kwalin, ta ja yatsa a wuya don in gane. Na ce a'a. Ta matso saitin kunnen hagu ta ce da ƙarfi, "Sa mata wuƙa tun ba ta zama mushe ba, ka yi asara biyu." Na ce ban tambaye ki ba. Ta ce, "Sabo da kaza ba ya hana yanka ta." Na ce ya hana a ɗakina. Ba mugunta take nufi ba, a ganinta taimako ne, kuma na san halinta. Ranar da na ba da baya na yini guda, in dawo in tarar da ita a tukunya, a kawo min cinya a ce in yi haƙuri.

Shi kuwa karen, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. An tsinci gawarsa a bayan juji. Tela ya ce kafin nan ya ciji akuyar wani, an kuma gan shi yana gatsar ƙarfen amalanke har bakinsa na jini. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Naki,
Mai Inji

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Ban taɓa kiranka Yaya ba, yau na kira don ka san babu wasa a takardar nan daga samanta har ƙasanta.

Wallahi tallahi ba zolaya nake yi ba. Da na karanta cewa karen ya mutu sai da na nemi wuri na zauna. Karen da ke gatsar ƙarfe ya mutu bayan 'yan kwanaki, mahaukaci ne, babu tantama. Warkewar hannu ba ta nufin komai. Ciwon yana lafewa ne a jiki, mutum yana ci yana sha yana harkarsa, wani makonni, wani watanni. Duk wannan lokacin allura tana aiki. Ranar da ya bayyana kuwa an gama, babu likitan da ke da maganinsa, a nan ko a ko'ina. Na ga wanda ya kashe a ɗakin da nake shara, magidanci ne mai ƙarfi, ni na wanke ɗakin bayan an fitar da shi. Ba zan rubuta maka abin da na gani ba.

Kaza ba ta ɗaukar wannan ciwon, na tambaya. Kai ne ke ɗauka. Ita ta tsallake nata, kai ne kake tsaye a bakin rami kana duba cinyar kaza.

Na nemi izinin zuwa, shugabarmu ta ce mu biyu ne kacal ke riƙe da ɗakuna uku, in bari sai ta ukunmu ta dawo daga haihuwa. Don haka roƙonka nake yi, don Allah, don zumuncin da ke tsakanin mahaifiyarka da mahaifina da suka sha nono ɗaya. Ka ba Tela kwalin ya ajiye a shagonsa, ka kulle ɗaki, ka tafi. Daga cikin waɗanda muka tashi tare kai kaɗai ka rage min. Tsoro nake ji, ka ji na faɗa.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Shiru. Na je tasha na tambayi direba, aka ce motarsa ta lalace a hanya, yana can yana jiran a kawo masa kayan gyara. Ban sani ba ko ya ba ka wasiƙata kafin nan, ko tana cikin akwatin sifana tana shan mai. Wannan na ba yaron motar wani ne, ya ce zai miƙa wa direbanmu ita.

Kullum in na wuce ƙofar ɗakin da ake yin allurar sai in leƙa, in ga mutane a kan benci riƙe da hannu ko ƙafa, yara da manya, an yi musu sun tashi sun tafi gida. Abin bai fi ɗan sukar allura ba. In ka je, rubuto min layi ɗaya, ko da "na je" ne kawai. In ba ka je ba, yau ma rana ce.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga Likitar Tsintsiya,

Gaisuwa. Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Wasiƙunki biyu tare suka iso, direba ya yi ta ba da haƙuri.

Da na ga "Yaya" sai na ce to, yau kuma da wace aka zo. Na karanta, na sake karantawa, ina neman inda kika ɓoye dariyar ban samu ba. Gaskiya raina ya ɗan ɓaci. Wato ni ne jahilin da ke duba cinyar kaza a bakin rami. Shekara nawa ina zaune ni kaɗai, babu wanda ya taɓa leƙowa ya ga ko na ci ko ban ci ba, sai halittar nan da kike rainawa. In na kashe inji da yamma duniya ta yi min tsit kamar an binne ni, ita ce ke hawa ƙafata in san ina nan. Ke kina cikin mutane, ba za ki gane ba.

Amma tun da kin rantse, ban yi kunnen ƙashi ba. Na je wurin mai kemis na bakin titi, na nuna masa tabon, na ce kare ne. Ya duba ya ce ya warke sumul, amma don kore shakka ya yi min allura a damtse, irin wadda ake yi wa wanda ya taka ƙusa, ya ce ita ce ta cizo da yanka duka. Ta yi zafi kuwa, na yini ban ɗaga buhu ba. To kin ga an yi allura, magana ta ƙare. Ba sai na yini a mota ba.

Zancen in ba Tela kwalin, na gwada shi. Mutumin kirki ne amma ba shi da hannun jinya. Na ce ya ba ta ruwa ina kallo, ya ɗaga kanta sama ya tuttula mata, ta sarƙe har na zaci ta tafi. Kuma matar mai gida in ta ce masa miƙo, miƙawa zai yi, ba ya iya musu da mace.

Albishirinki, ta tsaya da ƙafafunta. Da safe na buɗe gidan sauron na tarar da ita tsaye, tana rawa kamar ɗan maraƙi sabon haihuwa, amma tsaye. Fata ta fara haɗewa daga gefe, har wasu ƙananan gashi sun tsiro. Ina fitar da ita ta sha hantsi, in zauna kusa da sanda don sauran kajin, da sun ga shuɗin nan sai su kewaye ta kamar ba su taɓa saninta ba. Ki dawo da sunana na da, "Yaya" ɗin nan bai yi min kyau ba.

Naki,
Mai Inji

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ka yi haƙuri da maganar da ta ɓata maka rai. Ban raina ta ba. Na gode mata da ta tsaya maka inda mu dangi ba mu tsaya ba.

Allurar da aka yi maka ba ita ba ce. Waccan ta ciwon ƙusa da tsatsa ce, ba ruwanta da haukan kare. Mai kemis bai sani ba ne, ko kuma abin da yake da shi ya sayar maka. Har yanzu kana nan inda kake tun ranar da aka cije ka, kuma lokaci ya ja.

To ga shawara, tun da ba za ka bar ta ba, kada ka bar ta. Ka sa ta a kwando, ka shimfiɗa mata tsumma, ku hau motar direba ku taho wurina ku biyu. A asibitinmu za a yi maka, ni zan karɓar maka kati, babu mai yi maka dariya. Ɗakina ƙarami ne amma akwai baranda, nan za ta zauna, ba kare ba matar mai gida. Ka zauna har a gama allurar. Inji ba zai gudu ba. Na gaya wa direba kada ya baro garin sai da kai, ko da ɗaukarka zai yi.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga Likitar Tsintsiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne ke ɗan rawa.

Kin ci nasara, za mu zo. Da tun farko haka kika ce, da tuni mun cinye miki abinci. Direba ya so in biyo shi yau, na ce ya bari sai zuwansa na gaba, akwai hatsin mutane a shago da na karɓa, ba zan kulle da kayansu a ciki ba. Ya yi ta faɗa, na ga bakinsa na motsi, na ce Allah ya sa ban ji ba. Na riga na sayi kwandon, Tela ya ɗinka masa murfin yadi.

Bari in ba ki labari mai daɗi. Jiya ina niƙa, na ajiye ta a bakin shago tana shan iska, sai na ga ta miƙe wuya, ta tashi da ɗingishinta ta nufi ƙofa. Na juya, ga wata tsohuwa tsaye da ƙwarya. Sakatariya ta koma bakin aiki. Na kashe inji na zauna a kan buhu, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, tsohuwar ta zaci gari ne ya shiga min ido. Ciwon ya rufe gaba ɗaya, sai tabo. Duk wanda ya ce a sa wuƙa yau kunya ta ishe shi. Matar mai gida ma ta leƙo ta ce, "Kai dai da taurin kai." Na ce shi ya raya ta.

Ni ne dai kwana biyun nan jikin ba daɗi. Zazzaɓi-zazzaɓi, ga ciwon kai, barci kuma ya ƙi. Tabon nan da ya warke tuntuni shi ne ya tashi da ƙaiƙayi, yana min kamar tururuwa na bi har kafaɗa, na sosa har na gaji. Abin da ya fi ba ni haushi, yau da safe na ɗebi ruwa zan sha, ina kai kofi baki sai maƙogwaro ya shaƙe kamar an damƙe ni, na watsar da shi. Na sake gwadawa, haka. Ga ƙishirwa kuwa kamar in mutu. Ko ruwan da nake zuba wa Sakatariya sai na kau da kai. Tela ya ce mura ce ta kama min wuya, ya kawo min citta. Ya ɗauko mafici zai yi min fifita, na ƙwace na jefar, ban san dalili ba, iskar ce ba na so. Na ba shi haƙuri daga baya.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan tsorata. Amma tun da gidan likita za ni, sai ku haɗa da wannan ku duba. Ki share barandar da kyau, baƙuwar tana da tsabta.

Naki,
Mai Inji

*

Zuwa ga Malam Tela,

Assalamu alaikum. Ni ce ƙanwar maƙwabcinka mai inji, wadda ke aiki a asibiti. Ina gaisuwa, ina kuma godiya da ɗawainiyar da kake yi da shi. Wannan takarda taka ce kai kaɗai, ɗayar ka ba shi.

Malam, ba mura ba ce. Na kai wa likita wasiƙarsa ya karanta, ya tabbatar min. Ciwon karen ne ya bayyana. Allurar da nake ta roƙonsa ba ta da sauran amfani, kwanaki kaɗan suka rage masa, sai dai wani ikon Allah.

Ka nemi mota ka kai shi babban asibiti yau, ba don magani ba, don su ba shi abin da zai kwantar da shi kada ya sha wuya. Kada a matsa masa da ruwa, kada a yi masa fifita, a rage haske. Ku kiyaye yawunsa, in da ƙujewa a hannunka ka naɗe. In ya fara fizge-fizge ko ya faɗa maka baƙar magana, ba shi ba ne, ciwon ne. Ina roƙonka kada ka bari 'yan unguwa su taru a kansa suna kallo, kada a ɗaure shi da igiya, kada a kira shi mahaukaci yana gani, yana karanta baki.

Kazar ku tafi da ita a kwandon, a ajiye inda idonsa zai kai in sun yarda. Kada kowa ya taɓa ta da wuƙa, ni zan ɗauke ta. Kuma kada ka gaya masa, sanin ba zai ƙare shi da komai ba. Direba zai juya yanzu saboda wannan, ni ina jiran takardar da likita zai rubuta wa asibitin can, in biyo motar farko, da izini ko babu.

Allah ya saka maka.

*

Zuwa ga Mai Inji, angon kaza,

Gaisuwa da ban gajiyar jinya. Ina lafiya, ƙafafu ma sun saɓe, ka daina yi min fatan tsufa.

Barka da arziki, amarya ta miƙe. Na faɗa wa abokan aikina, sun ce a ba ka farar riga, ka fi wasu likitocinmu. Gaskiya ka yi abin da ban zaci zai yiwu ba, kazar da aka ga namanta ka mayar da ita bakin aiki. Wannan karon ba zolaya, ka burge ni.

Raki dai irin naka, ɗan zazzaɓi har da rawar hannu. Na fasa jiranka, na san ka, sai ka niƙe hatsin garin nan kaf kafin ka taso. Ni zan zo. Tela zai raka ka asibitin can su ba ka maganin barci ka huta, kada ka yi masa gardama, ka san ba ya iya musu. Ruwan in ba ya shiga ka ƙyale shi, ba dole. Hatsin mutane ni zan mayar wa kowa nasa. Sakatariya kuwa ta samu uwar ɗaki, baranda a share take, zan riƙa dafa mata ƙwai ina cin rabi.

Kada ka wahalar da hannun da amsa, ina hanya. Ka jira ni, Mai Inji. Sau ɗaya dai a rayuwarka ka ji maganata, ka jira ni.

Taka,
Likitar Tsintsiya